Zare da Alli: Yadda Ake Saita Ƙafar Mota a Zangunan Accra

A zangunan Accra, tun daga Nima da Maamobi har zuwa Sabon Zongo da ke maƙwabtaka da kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, gyaran sitiyari da ƙafar mota sana'a ce mai ladubbanta, kuma ba a shiga cikinta sai ta ƙofar maigida. Makanike a nan fita ake ce masa, shugaban gareji kuma masta, shi ne wanda iyaye kan kai wa yaro tare da goro da lemon kwalba da 'yan kuɗin da aka yi yarjejeniya a kansu, a shafa Fatiha, sannan a ce an ba shi amana. Dattawa sun sha bamban a kan matsayin waɗannan kuɗi, domin wasu na ɗaukarsu ladan koyarwa, wasu kuwa na cewa ilimin hannu ba ya sayuwa, abin da aka bayar shaida ce kawai cewa uba ya miƙa ragamar ɗansa, har maigida na da ikon tsawata masa da ciyar da shi da sa baki a maganar aurensa. Ra'ayi na biyu ya fi dacewa da abin da ake gani, tunda yaro kan shafe shekara uku ko fiye a hannun mutum guda, kuma ko bayan an yaye shi ba ya daina zuwa gaisuwar Sallah.

Ba kasafai masta ke koyarwa da baki ba. Idan direban tasi ko na torotoro, wato ƙananan motocin haya da ke jigilar jama'ar birnin, ya zo da kukan cewa mota na ja gefe guda ko sitiyari na rawa, abu na farko shi ne a duba iskar tayoyi, sannan masta ya shafa tafin hannunsa a kan tayar gaba daga ciki zuwa waje, saboda tayar da ta cinye ta gefe ɗaya, ko wadda haƙoranta suka yi kaifi ta fuska guda, ta riga ta faɗi inda ciwon yake. Daga nan a ɗaga motar da jak, a kama tayar ta dama da hagu a girgiza, in ta yi wasa a zargi tayirod, wato sandar da ke kai juyin sitiyari zuwa ƙafa. In kuwa wasan ta sama da ƙasa ne, hankali ya koma kan boljoyin ko boris. Yaro yana durƙushe yana miƙa sifana, kuma a wannan durƙuson ne yake ɗaukar karatunsa.

Wurin da gwaninta ke bayyana shi ne saitin zare. Ana tsayar da sitiyari daidai tsakiya, a ɗaure zare daga tayar baya a ja shi ya wuce ta gaba a tsayin cibiyar ƙafa, sai masta ya runtse ido ɗaya ya dubi tazarar da ke tsakanin zaren da bakin rim ta gaba da ta baya. Bambancin da ake nema bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, amma shi ke raba tayar da za ta daɗe da wadda za ta ƙare cikin 'yan watanni. Kafin a kwance kan tayirod, sai an sa masa alama da alli, a kuma ƙirga zagayen da ya yi yana fita domin sabon ya shiga da adadin nan, kuma yaron da ƙirga ta ɓace masa ya san ranar ba zai ji da daɗi ba. Bayan an ɗaure noti sai a fita gwaji, masta ya sassauta hannu daga sitiyari a miƙaƙƙen titi, yana sane da cewa gangaren kwalta kan ɗan ja mota dama, ɓangaren da Ghana ta koma tuƙi a kai tun ranar 4 ga Agusta, 1974.

Wannan sana'a ta daɗe tana dogaro da Agbogbloshie, filin 'yan gwangwan da ke bakin kogin Odaw kusa da tafkin Korle, inda matasa, akasarinsu daga arewacin ƙasar, suka riƙa farfasa matattun motoci. Duniya ta san wurin da hayaƙin wayoyin lantarki da aka riƙa ƙonawa don ciro tagulla, kuma cutarwar hayaƙin gaskiya ce, sai dai fitocin zango sun san shi a matsayin inda za a aiki yaro ya samo rak ɗin sitiyari na tsohuwar mota a kan kuɗin da talakan direba zai iya biya, a yi ciniki da Hausa ko Dagbani. A watan Yulin 2021 hukumomin yankin Greater Accra, ƙarƙashin minista Henry Quartey, suka rushe filin, aka kuma mayar da kasuwar albasar da ke wurin zuwa Adjen Kotoku. 'Yan gwangwan suka warwatsu cikin unguwanni, neman ƙarfe guda ya zama yawon yini.

A ɗaya ɓangaren kuma wuraren saiti da kwamfuta sun yawaita a birnin, kuma babu mai musun cewa na'urar ta fi zare auna karkatar taya a sababbin motoci. Abin takaicin shi ne yaran yanzu da yawa na ɗaukar cewa allon na'ura ya isar musu, alhali saitin da aka yi a kan tayirod mai wasa ko bushin da ya mutu ba ya wuce ramin farko da motar za ta faɗa. Shi ya sa direbobin da suka daɗe a hanya kan fara biyawa ta wurin masta ya girgiza ƙafa ya canza abin da ya lalace, sannan su wuce wurin kwamfuta, wasu ma su dawo masa da motar ya sake gwada ta a titi kafin su ɗauki fasinja.