Yadda Ake Auna Natsuwar Likita a Ɗakin Agajin Gaggawa

A shekarar 1977, jiragen sama biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo cikin hazo a filin jirgin tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, mutane 583 suka halaka. Injunan jiragen lafiyarsu lau. Bincike ya ɗora laifin a kan rashin fahimtar saƙon rediyo, da nauyin bakin na ƙasa wajen ja da babban matuƙi. Bayan wannan masifa aka dage da koya wa matuƙa sauraron juna, kuma a wurinsu likitoci suka ari darasin.

Likita mai neman ƙwarewa ya haddace abin da ake yi wa wanda ya yi haɗarin mota: a fara duba hanyar iska, sannan numfashi, sannan zagayawar jini. To amma idan ɗimuwa ta zo, sinadarin adiranalin ya kwarara cikin jininsa, hankalinsa yakan tattaru a kan abu guda. Sai ya duƙufa kan karayar ƙafa da yake gani, alhali jini yana can yana taruwa a cikin majiyyaci. Jarrabawar takarda ba ta iya gano irin wannan rauni.

Saboda haka masana a Jami'ar Aberdeen ta Sikotilan suka haɗa kai da likitocin fiɗa, suka fito da ma'aunin NOTSS a 2006. A 2012 kuma wasu likitoci a jihar Hawaii ta Amurka suka wallafa T-NOTECHS domin masu kula da raunuka. Yana duba shugabanci, haɗin kai, sadarwa, yanke shawara da lura da halin da ake ciki, kowanne da maki 1 zuwa 5.

Sau da yawa akan kwantar da mutum-mutumin roba mai numfashi da bugun zuciya, a ɗauki aikin a bidiyo. Mai jarrabawa ba ruwansa da kyawun ɗinki. Abin da yake nema shi ne: shin likita ya raba aiki? Da ya ba da umarni, ya ambaci sunan wanda zai yi, ya jira aka maimaita masa? Da ƙaramar ma'aikaciyar jinya ta ce bugun jini yana sauka, ya saurare ta kuwa? Wannan ta ƙarshe ita ce mai wuya, musamman inda ake ɗaukar gyara wa babba a matsayin rashin kunya.

Ma'aunin bai rasa aibu ba. Masu jarrabawa biyu sukan kalli bidiyo ɗaya su ba da maki daban, don haka su ma sai an horar da su kafin a miƙa musu takardar maki.