Ƙashin Bayan Yaro: Wane Lanƙwasa Ne Na Lafiya?

'Yan'uwana mata, sau da yawa uwa takan ga ɗanta mai shekara 2 yana tafiya a gantsare, tumbi gaba, sai hankalinta ya tashi. To, ki kwantar da hankalinki. Ƙashin baya ba miƙaƙƙe ba ne kamar sanda. Ƙananan ƙasusuwa ne 33 a jere, 5 daga cikinsu suna kwankwaso.

Jariri yakan zo duniya da bayansa a tanƙware kamar baka. Wajen wata 3 zuwa 4, sa'ad da ya fara riƙe kansa, sai wuya ya sami nasa lanƙwasa. Na kwankwaso kuwa sai ya soma tsayuwa da tafiya, wajen shekara 1. Gantsarewar nan takan ragu in naman cikinsa ya yi ƙarfi.

Likitoci suna auna lanƙwasa a hoton ƙashi, da dabarar da wani likitan Amurka, John Cobb, ya bayyana a 1948. Na kwankwaso yana ƙaruwa kaɗan kaɗan har yaro ya balaga. A babban mutum yawanci tsakanin digiri 40 ne da 60. Wannan duk lafiya ce.

Abin lura shi ne karkata gefe. In aka dubi yaro ta baya, ya kamata ƙashin ya sauko sak. In karkatar ta kai digiri 10, ta zama abin da likita zai riƙa dubawa. Takan fito daga shekara 10, kuma ta fi tsananta ga 'yan mata. Goyo ba ya kawo ta, haka jakar makaranta.

Ga yadda za ki gwada a ɗaki. Sa yarinya ta haɗa ƙafafu, ta sunkuya, hannuwa a sake. Tsaya bayanta ki duba. In gefe guda ya fi tudu, ko kafaɗa ɗaya ta fi tsawo in ta miƙe, sai asibiti. In an gano da wuri, rigar tallafi da likita zai ba ta takan hana abin ƙaruwa, ba sai an kai ga aiki ba.

Amma yaro mai ciwon baya da dare, da zazzaɓi, da rama, ko ƙusumbi da ya soma fitowa, kada a tsaya wajen mai ɗori. Tarin fuka yakan ci ƙashin baya, yana kuwa da magani. A gaggauta zuwa asibiti. Akwai na ƙashi musamman a Dala, cikin Kano.

Ku 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan. Allah ya raya mana zuriya.