Haɗarin Haɗa Masu Kwashe Shara Biyu a Manhaja Ɗaya

Kowace manhaja da ke aiki a kwamfuta tana karɓar gurbi a ƙwaƙwalwar na'ura domin ajiye bayanan da take sarrafawa, kuma wajibi ne a mayar da gurbin idan an gama da shi, in ba haka ba ƙwaƙwalwar ta cika, aiki ya tsaya cik. A harshen C mai rubuta manhaja ne ke yin wannan da kansa, amma a Java da Python da Go akwai wani sashe da ake kira mai kwashe shara, wanda ke gano bayanan da aka daina amfani da su ya share su. John McCarthy ne ya ƙirƙiro dabarar a Amurka a wajajen 1959, domin harshen Lisp.

Masu kwashe sharar nan ba hanyarsu ɗaya ba. Python yana ƙirga manunai, wato adireshin da ke nuni zuwa ga kowane abu, da zarar ƙirgen ya koma sifili sai a share abin. Java kuwa bin sawu take yi daga wasu tushe sanannu, ta yi wa duk abin da ta tarar alama, ta share sauran, har ma takan matsar da abu daga wani gurbi zuwa wani domin ta toshe giɓi.

Rikicin yana tasowa ne idan manhaja ta kira laburare, wato tarin ayyukan da aka riga aka rubuta, na wani harshe dabam, domin kowane mai kwashe shara iyakar ganinsa yankinsa. Idan Java ta miƙa wa baƙon laburare adireshin wani abu, laburaren ya ajiye shi, mai kwashe sharar Java bai san da wannan riƙon ba, don haka yana iya share abin ko ya matsar da shi, sai laburaren ya dawo ya karanta gurbin da wani bayani ya riga ya mamaye. Saboda haka ne tsarin JNI na kiran baƙon laburare, wanda ya zo wa Java a 1997, ya tanadi umarnin NewGlobalRef domin sanar da riƙo, da DeleteGlobalRef domin sakinsa. Go ma a 2016 ya haramta wa C ci gaba da riƙe manunin Go bayan an kammala kira.

Mafi wuyar sha'ani shi ne zobe, inda abu na wannan yanki ke nuni zuwa na wancan, na wancan kuma ke nuni zuwa na wannan. Burauzar Internet Explorer 6, wadda ta fito a 2001, ta yi fama da shi, saboda sassan shafin intanet suna ƙarƙashin ƙirgen manunai, abubuwan harshen JScript kuma suna ƙarƙashin bin sawu. Idan maɓalli a shafi ya riƙe wani aiki na JScript, aikin kuma ya riƙe maɓallin, kowane ɓangare sai ya ɗauka ɗan'uwansa na buƙatar abin, aka rasa mai sharewa, ƙwaƙwalwa ta yi ta cika har sai an rufe burauzar. Masu gina burauzar Chrome sun magance irin wannan ta hanyar sa injin V8 mai gudanar da ayyukan shafi da Oilpan mai kwashe sharar sassan shafin su riƙa bin sawu tare.

Irin wannan haɗin kai aiki ne mai tsada da ba kowa ke iya yi ba, don haka abin da ya rage wa mai rubuta manhaja shi ne kiyaye iyaka. Bayani kaɗan gara a kwafe shi a miƙa, mai yawa kuma a miƙa lambar shaidarsa maimakon adireshinsa, sannan a saki duk riƙon da aka yi a bayyane, kada a jira mai kwashe shara, domin ba shi da ƙayyadadden lokacin zuwa. Duk abin da zai ƙetare iyakar harsuna biyu, lalle ne a tantance mai shi guda ɗaya tun kafin a rubuta layin farko.