Yawon Ƙananan Gidajen Giya a Amurka: Abin da Ke Cikin Kofin

A biranen Amurka irin su Portland, Denver da Asheville, wata al'ada ta samu gindin zama. Ranar Asabar abokai kan haɗa kuɗi su ɗauki hayar mota, su bi ƙananan masana'antun giya ɗaya bayan ɗaya. Duk inda suka tsaya, sai a zagaya da su tsakanin manyan tankunan ƙarfe, a jera musu ƴan ƙananan kofuna huɗu ko biyar su ɗanɗana.

A 1978 masana'antun giya a Amurka ba su kai 100 ba. A shekarar ce Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum ya haɗa giya a gidansa. Masu yi a ɗakin girki suka koma buɗe shaguna, yau adadin ya haura 9,000.

Aikin da maziyartan ke kallo da tsiro yake farawa. Ana jiƙa sha'ir har ya fito da ɗan farin baki, sannan a busar da shi. Wannan tsirowar ce ke tayar da sinadaran da ke narkar da sitaci ya koma sukari, kamar yadda mai kunun zaƙi ke zuba ƙullun tsiro a kaurin gasara sai ya tsinke ya yi zaƙi. Ana niƙa tsiron, a jiƙa shi a ruwan da zafinsa ya kai kusan digiri 65, a tace, a tafasa da furen hops mai ɗaci. A wannan gaɓar ruwan sukari ne kawai. Sai an sanyaya shi an zuba yisti, wata halitta da ido ba ya gani, ta cinye sukarin ta fitar da barasa da iskar da ke sa kumfa.

Masanin Faransa Louis Pasteur ne ya tabbatar da cewa halitta mai rai ke wannan aiki. A ɗakin binciken kamfanin Carlsberg na Denmark kuma, Emil Hansen ya ware tsantsar yisti a 1883, Søren Sørensen ya ƙirƙiro ma'aunin tsami na pH a 1909, wanda yau asibitoci da masu gwajin ƙasar noma ke dogaro da shi. Manomanmu ma harkar giya ta shafe su: da Najeriya ta hana shigo da sha'ir a 1988, kamfanonin giya da na lemon malt sun koma kan dawa.

Sai dai abin da ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye shi ne, ƙanƙantar masana'anta ba ta rage wa barasa dafi. Giyar manyan kamfanoni kan ɗauki kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na barasa, da yawa daga na ƙananan gidajen kuwa sukan kai kashi 6 ko 7. Wanda ya ɗanɗana a gida huɗu a yini guda ya sha da yawa, ko da kofunan ƙanana ne.

A 2022 sama da mutum 13,000 ne suka mutu a hanyoyin Amurka a haɗurran da direba ya sha barasa. Shi ya sa masu wannan yawo ke ɗaukar direban da ba zai taɓa kofi ba. Amma direba hanya kaɗai zai tsare, ba zai tsare hanta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa babu wani adadin barasa da ba ya cutar da lafiya, kuma barasa tana cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Gargaɗin bai ware giyar ƙaramin gida daga ta babban kamfani ba.