Kayan da Ba a Ɗaure Ba: Wa Ke Biyan Hasarar a Hanyoyin Legas?

Legas — Ran Lahadi, 29 ga watan Janairu na shekarar 2023, wata kwantena mai tsawon ƙafa 20 ta suɓuce daga kan babbar motar da ke ɗauke da ita a gadar Ojuelegba, ta danne wata ƙaramar motar haya. Mutum tara suka rasu, cikinsu har da yara biyu. A wannan gada ce kuma, ran 2 ga watan Satumba na 2015, wata kwantenar ta rikito kan wata mota da ke ƙasa, mutum uku suka halaka. Tsakanin waɗannan biyun, a watan Yuli na 2020, an yi irin wannan rashi na mutum uku a Ilasamaja, bisa babbar hanyar Apapa zuwa Oshodi.

Duk lokacin da haka ta auku akan yi jimami, a dangana, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma wanda ya dubi al'amarin da idon tattalin arziki zai ga akwai lissafi a cikinsa. Kuɗin ɗaure kaya a aljihun mai mota yake fita, hasarar rashin ɗaurewa kuwa kan wani dabam take faɗawa. Muddin lissafin yana nan haka, kaya ba za su daina zuba a hanya ba.

Yadda kwantena ke faɗuwa

Kwantena mai ƙafa 20, ko babu kome a cikinta, ta haura tan biyu, in an cika ta kuwa takan kai tan 30. A kowace kusurwarta akwai rami na ƙarfe. Tirelar da aka ƙera domin wannan aiki tana da makullai da ke shiga waɗannan ramuka, a murɗa su, kwantena da mota su zama abu guda. Makulli huɗu ke nan, kuma murɗa su bai kai aikin minti biyar ba.

Matsalar ita ce da yawa daga cikin motocin da ke jigila daga tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can tsofaffi ne da aka sayo na hannu daga ƙasashen waje. Waɗansu makullansu sun yi tsatsa ko sun karye ba a sake ba, waɗansu kuwa shimfiɗaɗɗen baya kawai gare su, ba a yi su domin kwantena ba. Sai a ɗora, a ja sarƙa ɗaya, ko ma a dogara ga nauyin kayan ya riƙe kansa. Nauyi kuwa ba ya riƙe kaya. Ƙa'idar ɗaure kaya da ake bi a ƙasashen Turai ta ɗauka cewa in direba ya taka burki da ƙarfi, kayan kan tura gaba da ƙarfin da ya kai kashi 80 cikin ɗari na nauyinsu, a kwana kuma su tura gefe da kamar rabin nauyin. Watau kwantena mai tan 30 tana iya tura gefe da ƙarfin tan 15. In aka haɗa wannan da hawan gada, da rami a kwalta, da burkin da bai da kyau, sauran labarin sananne ne.

Ƙananan kaya, babbar ɓarna

Faɗuwar kwantena ita ke shiga jarida, amma abin da ke addabar masu bin hanya kullum ya fi haka ƙanƙanta. Tifofin da ke kwaso tsakuwa daga wuraren fasa dutse na jihohin Ogun da Oyo, da masu jigilar yashi a hanyar Lekki zuwa Epe, sukan cika har tozo, ba tamfol, suna tafe suna barbaɗawa. Akwai masu ɗaukar rodi da katako da suka zarce bayan mota ba tare da jan ƙyalle ba. Akwai ɓawon tsohuwar taya da ke ɓallewa ya kwanta tsakiyar titi. Har wa yau akwai al'adar nan ta direbobi: in mota ta lalace sai a jera rassan itace da duwatsu domin gargaɗi, in an gyara kuma a tashi a bar su nan, su zama tarko ga mai zuwa cikin dare.

Mai ƙaramar mota yakan tsira da fasasshen gilashi ko tayar da ta yage. Mai babur ba shi da wannan gata. Ƙafa biyu gare shi, kuma abin da ke taɓa kwalta a kowace taya bai wuce tafin hannu ba, don haka ɗan yashi a kwana ya isa ya kayar da shi. Wanda ke gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kuma kafin mutum ya ga abu ya kai hannu ga burki daƙiƙa guda ta shuɗe. Ashe ke nan ɗan acaɓan da ke bin tifa da tazarar mita goma ya riga ya hau dutsen kafin ya san ya faɗo. In ya kauce da sauri kuma, mai yiwuwa ya faɗa gaban wata motar.

Tun da gwamnatin jihar Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga watan Yuni na 2022, ta kuma ƙara huɗu a watan Satumba, masu wannan sana'a da dama, waɗanda da yawa daga cikinsu 'yan ci-rani ne daga Arewa, sun koma gefen gari da iyakar jihar Ogun, inda tifofi ke kai da kawowa. Irin wannan mutum babur ɗinsa ne jarinsa, sau da yawa ma na biyan kaɗan-kaɗan ne. Karayar ƙafa guda tana nufin watanni ba aiki, ga bashin babur, ga iyali a gida suna jiran aike.

Kura da shan bugu

Masana tattalin arziki suna da bayani game da harkar da ribarta ke zuwa ga wani, cutarta ga wani. Bahaushe ya riga su taƙaitawa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Direban tifa da sawu ake biyansa, saboda haka mintin da zai ɓata wajen rufa tamfol ragi ne a gare shi. Mai kaya yana ƙosawa a fitar masa da kwantena kafin kuɗin ajiya da na jinkiri su taru, sai ya ɗauki motar da ta fi araha. Mai mota kuma, da tsadar man dizal da ta kayan gyara da canjin dala ya ɗaga, yakan ɗage gyara zuwa wani watan. Kowannensu ya yi tsimi, amma wanda zai biya yana can a tasha yana jiran mota.

Tara ita ce ya kamata ta daidaita wannan ma'auni, sai dai ba ta da nauyi. Jadawalin laifuffuka na dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta 2007 ya sanya naira 5,000 kan rashin rufe kaya masu zuba, naira 3,000 kan rashin ɗaura jan ƙyalle ga kayan da suka zarce mota, naira 10,000 kan lodi fiye da kima. Tun daga lokacin hauhawar farashi ta cinye darajar waɗannan kuɗaɗe, kuma ba kullum ake kama mai laifi ba. Tarar da ba ta kai kuɗin tamfol ba, ba za ta sa a sayi tamfol ba.

Inshora ma ba ta toshe giɓin ba. Daga watan Janairu na 2023 Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta ɗaga kuɗin inshorar ɓarnar da aka yi wa wani zuwa naira 100,000 ga manyan motocin kaya, iyakar diyyar dukiya kuma naira miliyan biyar. To amma wanda tsakuwa ta kayar a hanya, tifar ta daɗe da wucewa, wa zai nema? Bugu da ƙari akwai hasarar da ba a rubuta wa kowa: in kwantena ta gitta a hanyar Apapa, ma'aikata su makara, kayan gwari su ruɓe a mota, mai ya ƙone a cunkoso, a ƙarshe duk ya tattaru a farashin kaya a kasuwa.

Inda gyara yake

An ɗan fara motsawa. A 2023 wata babbar kotun jihar Legas ta yanke wa direba da mai motar da ta yi haɗarin Ilasamaja ɗaurin rai da rai. Muhimmancin hukuncin shi ne ya wuce direba ya kai ga mai dukiyar, wanda shi ke yanke shawarar a yi gyara ko a bari. A watan Fabrairu na 2021 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta soma tsarin Eto na kiran motoci ta na'ura, wanda ya sa kowace mota mai shiga tasha tana da rajista. A 2023 kuma aka fara jigilar kwantena ta jirgin ƙasa daga Apapa zuwa Ibadan, kuma kowace kwantenar da ta hau dogo ta rage wa titi haɗari guda.

Sai dai wurin da ya fi sauƙin kamawa shi ne ƙofa. Hanyoyin Legas ba su ƙirguwa, amma ƙofofin tasha, da na ma'ajiyar kwantena, da na wuraren fasa dutse da haƙar yashi, 'yan kaɗan ne. Duba makulli huɗu ko tamfol a bakin ƙofa ya fi tsare motoci a tsakiyar titi araha nesa ba kusa ba. In doka ta ɗora alhaki kan wanda ya yi lodi ya buɗe ƙofa, tare da mai mota da mai kaya, aka kuma daidaita tara da darajar naira ta yau, motar da ba ta da makulli za ta rasa ciniki, mai ita kuwa zai gyara ba sai an roƙe shi ba.

Kafin a kai ga nan, abin da ya rage ga direba da mai babur shi ne su ba babbar mota tazara, su guji jerawa da ita a kwana ko bisa gada, su rage gudu inda yashi ya kwanta. Wannan kariya ce ta mai rauni, ba ta ɗauke wa masu riba nauyin da ke wuyansu ba.