Hutun Yara a Cheberu: Shamuwa, Gawo da Danƙo

A Ingila da Faransa, idan an tashi hutun makaranta, iyali kan ɗaura wani ɗaki mai taya a bayan mota, su nausa karkara suna yada zango inda dare ya riske su. A ƙasar Gwandu ba a san wannan ɗaki ba, amma an san tafiyar. Da an ba da dogon hutu a watan Yuli, ma'aikatan Birnin Kebbi da Kalgo kan kwashi yara zuwa gidan kakanni a garuruwa irin su Cheberu. Abin takaicin, yaro kan iso da kai sunkuye a kan waya, ya koma birni bai riƙe sunan tsuntsu ko ɗaya ba.

Alhali kuwa a lokacin ne daji ya fi cika. Shamuwa, wadda manoma ke ɗauka albishir ɗin damina, tana kan sheƙarta a itatuwan tsakiyar gari, ba mai jifan ta. Kaka za ta ce ita ke kawo ruwa. Malamin kimiyya zai ce ruwan take bi, domin fari da tsutsotsin da ke ɓarkewa bayansa su ne cimarta. Da damina ta ɗauke sai ta tsallaka zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda tasu ke farawa. Yaron da ya ji bayanin nan biyu a gindin itace guda, da wuya ya manta.

Ga kuma gawo, mai yi wa sauran itatuwa tawaye: kowa na kore shi yana tsirara, sai rani ya yi ganye. Saiwarsa kan nutsa har ta cim ma ruwan ƙasa, ganyen da ya zubar ya zama taki, shi ya sa geron gindinsa ke fin na gefe.

Batun danƙon harbin tsuntsaye ne ke raba kan iyaye. Ƙwace shi da faɗa ba ya haifar da komai, tunda yaron ƙauye mai harbin kurciya shi ya fi kowa sanin inda take ƙwai da lokacin da take shan ruwa. Gara a naɗa shi jagora, a sa gasar wanda zai fi lissafo tsuntsaye kafin la'asar: belbela, zalɓe, carki, hankaka, kirinjijiya. Kada kuma a ɓoye wa yara cewa ba kowane tsuntsu manomi ke maraba da shi ba. Jan-baki kan sauka dubu-dubu a fadamun shinkafa, har sai an yi masa feshi da jirgin sama.

Mai halin ƙara tafiya sai ya kai su Argungu, bakin Matan Fada, inda bikin kamun kifi ya samo asali a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Can kudu, a 2018, giwaye sun ɓulla a Zariya Kala-Kala ta ƙaramar hukumar Koko/Besse, gwamnatin jiha ta hana a taɓa su.

Fita dai da sassafe ta fi, tare da babba, da rufaffen takalmi, don damina ce lokacin da kububuwa ke lafewa a kunyar gona.