Kafin a Cike Giɓi, a Fara Ɗaukar Awon Baki

Haƙorin da aka sa wa mutum, na roba ne ko na tangaran ko na zinaren nan da muke kira haƙorin Makka, kyansa da muninsa tun a wajen awo ake yanke su. In awon ya fita daidai, mai shi zai ci ƙilishi ya manta da cewa ba da shi aka haife shi ba. In kuwa an kuskure, abinci zai riƙa maƙalewa a ƙarƙashi, dasashi ya kumbura, baki ya yi wari, haƙoran da ke maƙwabtaka su soma ruɓewa.

Mutumin Daudawa, ko na sauran garuruwan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, idan ya tashi neman wannan aiki yakan nufi Funtuwa, ko ya zarce Katsina, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Malam Aminu Kano. Ga kuɗin mota, ga halin da hanyoyinmu suka shiga a 'yan shekarun nan. Wanda ya sha wannan ɗawainiya bai kamata a ce masa ya dawo a sake awo ba.

Aikin ya yi kama da na masu zubin tukunyar dalma: a danna siffa, sannan a zuba abin da zai daskare a cikinta. Likita yana cika wani ɗan faranti mai lanƙwasar muƙamuƙi da abu mai laushi, ya danna shi a kan haƙora, ya riƙe na 'yan mintoci har ya kama jiki. Idan ya ciro, sai a zuba garin filasta da aka dama a cikin ramukan, a sami kwafin bakin. A kan wannan kwafi ne ma'aikacin ɗakin ƙera haƙori zai yi aikinsa, sau da yawa ba tare da ya taɓa ganin mai bakin ba. Dabarar tsohuwa ce. Tun a 1756 Philipp Pfaff, likitan haƙorin sarkin Furusha a ƙasar Jamus ta yau, ya bayyana yadda ake yin ta da kakin zuma.

Abin da aka fi amfani da shi a asibitocinmu shi ne aljinet, wani gari da ake samu daga ciyawar teku, wanda ya yaɗu a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Yana da araha, da ruwa kawai ake dama shi, kuma ya wadatar a ayyuka da dama. Matsalarsa ita ce yawancin jikinsa ruwa ne. Da zarar an fitar da shi daga baki sai ya fara bushewa yana tsukewa, to ina ga lokacin hunturu da iska ke tsage leɓe? Shi ya sa ake zuba masa filasta nan take, ba a ajiye shi sai gobe.

Abu na biyu da ake ɗaukar awo da shi shi ne silikon mai zuwa cikin kwanso mai bututu biyu a manne. Kowane bututu da nasa haɗin, kuma ba sa daskarewa sai sun gamu. Akan ɗora kwanson a wata na'ura mai kama da bindiga, a maƙala mata tsinin roba mai murɗaɗɗen ciki. Idan aka matsa, haɗin biyu za su cakuɗu a cikin tsinin su fito da launi ɗaya, ba kumfar iska, ba ƙiyasin hannu. Akwai mai kauri da ake zubawa a faranti, akwai mai ruwa-ruwa da ake zagaya haƙorin da aka fere da shi domin ya shiga kowane lungu. Babbar fa'idarsa a wajenmu ita ce yana riƙe siffarsa kwanaki, don haka ana iya ɗaukar awo a gari guda a aika da shi Kano ko Kaduna a ƙera haƙorin.

Sai dai na'urar ba ta maye gurbin gwaninta. Dole a zubar da ɗigon farko, don sau da yawa bai gauraya sosai ba. Zafi yana sa shi saurin daskarewa, saboda haka kwanson da ya wuni a ɗaki mai zafi a watan Afrilu zai iya ƙwace wa likita kafin ya kai faranti baki. Safar hannu ta danƙon roba ma tana ɗauke da sinadarin da ke hana shi kamawa. Jini da yawu suna ɓata gefen awon. Ga kuma tsada, tun da daga waje ake shigo da shi, tsinin kuwa sau ɗaya ake amfani da shi. A ganina ba kowane aiki ke bukatarsa ba, amma hular da ake sa wa haƙorin da aka fere, da haƙorin da za a manne dindindin, sun cancanci kuɗin.

Mai zuwa awo ya wanke bakinsa, ya faɗa wa likita in yana da saurin yunƙurin amai. Idan an sa farantin, ya numfasa ta hanci, ya ɗan sunkuyar da kai, kada ya tauna ko ya yi magana. Babu zafi a ciki. In likita ya duba ya ce a maimaita, gara a maimaita a nan da a gano kuskuren bayan an ƙera.

Masu sa haƙori a kasuwa ko a tasha, waɗanda ke kwaɓa roba su liƙa a giɓi nan take, su ne abin gudu. Abin da suka liƙa ba ya ciruwa a wanke, ƙazanta na taruwa a ƙarƙashinsa, kayan aikin da ba a tafasa ba kuma suna iya yaɗa ciwon hanta daga baki zuwa baki. Duk wanda ya ce zai sa maka haƙori bai ɗauki awon bakinka ba, ka riƙe kuɗinka ka nemi asibiti.